Gandun Dabbobi a Aji: Abin da Ɗalibi Zai Riƙe na Siyasa da na Adabi

Wata malama da ta fara koyar da adabin Turanci a wata sakandare a nan cikin birnin Kano ta aiko da tambaya. An ba ta littafin George Orwell, Animal Farm, ta koyar a zangon da za a shiga. Ta ce ta karanta shi sau biyu, labarin ya shige ta, amma da ta duba tsofaffin tambayoyin jarrabawa sai ta tarar ana ta maganar kama-karya, gurguzu, farfaganda, zambo da alamtarwa. Tana so ta san waɗanne ne dole yara su riƙe, kuma ta ina za ta ɓullo musu.

Malama, sannu da aiki, Allah ya ba da ladan koyarwa. Littafin nan babi 10 ne kacal, mai saurin karatu zai gama shi tsakanin azahar da magariba, Turancinsa kuma ba mai sarƙaƙiya ba ne. Wannan sauƙin ne yake sa yaro ya ɗauka ya gama da shi, alhali a zaure ya tsaya. Idan kin samu fassarar Bala Abdullahi Funtuwa, Gandun Dabbobi, wadda ta fito a 1975, ki ajiye ta kusa da ke. A can ne Jones mai gandun ya koma Nomau, a cikin aladu Napoleon ya koma Maitumbi, Snowball ya zama Ɗantulu, Squealer Karambana, doki Boxer kuma Akawal. Ni dai zan yi amfani da sunayen asali, tunda da su yaran za su shiga jarrabawa.

Ki fara da abin da suka zo da shi daga gida. Duk yaron da kakarsa ta taɓa ce wa "ga ta nan ga ta nanku" ya san dabba tana magana, ya san kura da haɗama, dila da wayo, zaki da sarauta, Gizo da ha'inci. Ba wa dabba baki da halin mutum shi ne mutuntarwa, kuma Orwell da kansa ya sa wa littafin ƙaramin take da ke nuna tatsuniya ce. Sai dai a tatsuniyarmu kura hali take wakilta, haɗama ce ko a wane gari. A littafin nan kuwa aladen da ake kira Napoleon yana da takwara a tarihi, mutum mai suna da shekarar haihuwa, kuma abin da ya faru a gandun ya faru a wata ƙasa. Alamtarwa ce da aka ja tun daga shafin farko har na ƙarshe. Ina kwatanta wa ɗalibai ita da bene mai hawa biyu: a ƙasa dabbobi ne da gona da manomi mashayi, a sama Rasha ce daga 1917 zuwa 1943.

Tarihin da suke bukata ba shi da yawa. A 1917 aka kawar da sarkin Rasha, Nicholas na biyu, kafin shekarar ta ƙare jam'iyyar Lenin ta karɓi mulki da sunan ma'aikata da manoma. Wannan shi ne korar Jones. Tsohon aladen da ya yi mafarki ya tara dabbobi, Old Major, yana ɗauke da Karl Marx, babban masanin aƙidar gurguzu, da kuma wani ɓangare na Lenin, shi ya sa aka tono ƙoƙon kansa aka kafa a gindin tuta, yadda aka adana gawar Lenin a Mosko ana zuwa kallo. Da Lenin ya mutu a 1924, Stalin da Trotsky suka shiga takun-saƙa, aka kori Trotsky daga ƙasar a 1929, aka bi shi har Meziko aka kashe shi a 1940. Napoleon da Snowball ke nan. Injin iskar da dabbobi suka yi ta ginawa yana rushewa shi ne shirin shekara biyar-biyar na gina masana'antu da Stalin ya fara a 1928. Kajin da suka gwammace su fasa ƙwansu da a ƙwace a sayar su ne manoman da aka tilasta wa haɗa gonaki, abin da ya kai ga yunwar 1932 zuwa 1933 da ta kashe miliyoyin mutane, musamman a Yukren. Dabbobin da suka fito suna amsa laifin da ba su yi ba karnuka suna yayyaga su, shari'o'in Mosko ne na 1936 zuwa 1938. Maƙwabcin da ya sayi katako da jabun kuɗi sannan ya kawo hari, Frederick, shi ne Hitila: yarjejeniya a 1939, mamaya a 1941. Walimar ƙarshe ta aladu da mutane kuma taron Tehran ne na 1943, inda Stalin ya zauna da shugabannin Ingila da Amurka.

Ki ba su wannan a darasi ɗaya, kada ya wuce haka. Na ga malamai da yawa sun zana jadawali a allo, wane shi ne wane, yara sun haddace kamar karatun aku, an tashi. Yaron da jadawali kaɗai ya sani ba zai iya gaya miki dalilin da ya sa mutumin da bai taɓa jin sunan Trotsky ba yake karanta littafin nan jikinsa ya yi sanyi ba. Orwell ma bai bi tarihin sau da ƙafa ba, ya sauya jerin wasu abubuwa don labarin ya tafi daidai, kuma ya faɗi haka da kansa a gabatarwar da ya rubuta wa fassarar harshen Yukren a 1947.

Sai zambo da habaici, kuma a nan mun fi kowa gata, domin makaɗan fada da maroƙa sun riga sun raba mana su. Zambo yana kama mutum ya fito da muninsa, ya kambama shi har a yi dariya. Habaici ba ya kama suna, amma wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Littafin nan habaici ne a siffa, zambo ne a aiki. Ba a ambaci Stalin ko sau ɗaya ba, amma da Orwell ya gama rubutun a farkon 1944, kamfanonin ɗab'i na Landan suka yi ta mayar masa da shi ɗaya bayan ɗaya, saboda a lokacin Rasha abokiyar Ingila ce a yaƙi da Jamus. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Sai a watan Agustan 1945 littafin ya fito. Ki tuna wa yara tashe da 'yan kama: ana dariya, amma kowa ya san gyara ake nema. Zambon adabi da ba ya neman gyaran komai cin mutunci ne kawai.

Akwai wani tarko da ya shafe mu musamman. Da yaranmu sun ji an ce aladu ne shugabanni sai su ce ai dama, me za a jira daga alade. Da wannan maganar rabin littafin ya zube. A idon manomin Ingila alade dabba ce mai kaifin basira, kuma a farkon littafin aladun nan abokan gwagwarmaya ne na gaskiya: su suka koyi karatu, su suka tsara girbi, Snowball har rauni ya samu a fagen daga yana kare gandun. Dole yaro ya fara yarda da su kafin cin amanar ya yi masa ciwo. Ki sa su ajiye ƙyamar a bakin ƙofa na ɗan lokaci.

Salon da ya fi kowane ƙarfi a littafin shi ne yadda mai ba da labari yake tsayawa a inda fahimtar dabbobin ta tsaya, ya bar mai karatu ya hango abin da su ba su gani ba. Ki kai su ƙarshen babi na 8. Cikin dare aka ji ƙara, dabbobi suka fito, suka tarar da Squealer a yashe a gindin bangon da aka rubuta dokoki, tsani ya karye biyu, ga fitila, ga buroshi, ga gwangwanin farin fenti ya kife. Mai labari ya ce ba wanda ya gane ma'anar abin sai jaki, shi kuma ya yi shiru. Bai ce aladu suna sauya doka ba. Ya ajiye miki fenti da tsani ya wuce. Wannan gugar zana ce ta gwani, kuma ita za ki koya wa yara su riƙa farauta a kowane babi. Dokar ƙarshe da ta rage a bango, wadda ke cewa duk dabbobi daidai suke amma wasu sun fi wasu zama daidai, baubawan burmi ne: jimla ce mai kyan gini wadda ƙarshenta ya cinye farkonta.

Yanzu siyasa. Jari-hujja tsari ne da gona da masana'anta suke hannun masu jari, ma'aikaci yana sayar da ƙarfinsa. Gurguzu yana cewa dukiyar da gumin jama'a ya samar ta zama ta jama'a. Hujjar Old Major ke nan: mutum ba ya ba da madara, ba ya yin ƙwai, ba ya jan garma, amma shi ke cinye komai. Ɗan Kano bai kamata wannan magana ta zame masa baƙuwa ba, domin a garin nan aka kafa NEPU a 1950, kuma rabe-raben talakawa da masu mulki shi ne harshen siyasar Malam Aminu Kano. Abin da nake roƙonki shi ne kada yaro ya fita daga ajinki yana cewa littafin ya nuna talaka ya haƙura da Nomau, tashi ba shi da amfani. Orwell ɗan gurguzu ne, mai son gurguzun da ke tafiya da zaɓe da 'yancin magana. Ya yi aikin ɗan sanda a Bama zamanin mulkin mallaka ya ajiye a 1927. Ya je Sifaniya ya yi yaƙi a ɓangaren masu adawa da Janar Franco, an harbe shi a wuya a 1937, kuma a can ya ga magoya bayan Stalin suna farautar 'yan uwansu na gwagwarmaya suna kiransu maciya amana. Fushin mutumin da aka ci amanar abin da ya yi imani da shi ne a littafin nan.

Ki kuma raba musu juyin juya hali da juyin mulki, don duka biyun suna ciki. Ranar da yunwa ta sa dabbobi suka fasa rumbu suka kori Jones, jama'a ce ta tashi ta kifar da tsari. Ranar da Napoleon ya yi wata irin ƙara karnuka tara suka fito suka bi Snowball, ƙarfi ne ya ƙwace kujera daga cikin gida, kuma sanarwar farko da ta biyo baya ita ce an soke muhawarar ranar Lahadi. Mu da muka ga juyin mulki tun daga 1966 mun san wannan sanarwar.

Kalmar da ta fi ba da wahala ita ce wadda muke fassarawa da kama-karya, domin a Hausa kalma ɗaya muke sa wa abu biyu. Akwai kama-karyar da muka sani, ta mai bindiga da ya hana zaɓe, ya ɗaure mai suka. Dokar soja mai lamba 4 ta 1984, wadda aka ɗaure 'yan jarida biyu da ita, misali ce. Amma ko a zamanin soja ana ciniki a Kurmi da Kwari, almajirai suna karatu a tsangaya, malamai suna tafsiri da azumi, dattawa suna zama a ƙofar gida bayan isha'i suna faɗin abin da ke ransu a hankali. Mai irin wannan mulki shirunka yake so. Ɗaya nau'in kuwa, wanda nake kira mulkin mamaye-duka, shiru ba ya isar sa. Yana so ka yi tafi, ka yarda har zuci, kuma kada a samu kasuwa ko makaranta ko wurin ibada ko zaure da ba hannunsa a ciki. Mussolini na Italiya ya taƙaita shi a 1925: komai a cikin hukuma, babu komai a wajenta, babu mai ja da ita. Hannah Arendt ta yi nazarinsa a littafinta na 1951, ta ɗauki Jamus ta Hitila da Rasha ta Stalin a matsayin misalansa. Wannan na biyun Orwell yake nufi, kuma alamarsa a gandun ita ce an shiga har cikin abin da dabbobi suke tunawa.

Ki bi labarin Snowball kawai ki gani. Dabbobi da idonsu suka ga harbin Jones ya yanki bayansa a yaƙi, har lambar yabo suka ba shi. Bayan an kore shi aka ce an zuzuta rawar da ya taka. Daga baya aka ce ɗan leƙen asirin Jones ne tun farko. A ƙarshe aka ce shi ya jagoranci mutane, raunin bayansa kuma haƙoran Napoleon ne. Kowane mataki ɗan kaɗan ne a kan na baya. Haka dokokin bango: kada dabba ta kwana a gado, aka ƙara "mai zanin gado", kada dabba ta kashe dabba, aka ƙara "ba tare da dalili ba", kada dabba ta sha giya, aka ƙara "fiye da kima". Ba a goge doka ba, jela aka yi mata.

Farfaganda aikin Squealer ce, kuma dabarunsa ƙidayayyu ne, yara za su iya tsamo su da kansu. Yana tsoratarwa da dawowar Jones duk lokacin da hujja ta ƙare masa. Yana karanto alƙaluman da ke cewa abinci ya ƙaru ninki biyu, ninki uku, ninki biyar, ga cikin dabbobi yana kuka. Yana sauya wa abu suna, ragin abinci ya zama "gyaran rabo". Yana ɗora duk wata ɓarna a kan wanda ba ya nan. Idan wani ya buɗe baki, tumaki, 'yan amshin Shata, su ɓarke da takensu na cewa mai ƙafa huɗu nagari ne, mai ƙafa biyu mugu, har lokacin magana ya wuce. Ɗalibai za su ce miki ai sojojin baka ne na rediyo. Ki karɓi kwatancen, sannan ki nuna musu inda ya tsaya: a Kano kowane ɓangare yana da nasa sojojin, in wannan ya ishe ka ka murɗa zuwa wata tasha. A gandun baki ɗaya ne, ba tashar da za a murɗa. Haka kirari: yi wa shugaba kirari al'adarmu ce, amma idan kaza ta kai ga cewa albarkacin jagorancin Napoleon ta yi ƙwai biyar a kwana shida, an shiga bautar shugaba.

Za su kuma kawo miki karin maganar nan, ba a mugun sarki sai mugun bafade. Littafin bai yarda da ita ba. Tun a babi na 3 Napoleon ya ɗauke 'yan kwikwiyo tara daga iyayensu ya ɓoye su a saman rumbu da sunan zai ba su ilimi.

In aka tambaye ni inda gandun ya lalace, ba na cewa ranar karnuka. Ranar madara ce. A yinin farko na 'yanci aka tatsi shanu, aka tafi girbi, aka dawo babu madara. Da ta bayyana cewa aladu ne suke damawa da ita a abincinsu, suka haɗa da tuffa, Squealer ya ce aikin ƙwaƙwalwa suke yi, don lafiyar kowa suke sha, har wasunsu ma ba sa son ta. Dabbobi suka yi gunaguni suka bari. A wannan gaɓar babu ko ɗaya cikin 'yan kwikwiyon nan da ya girma, kuma Snowball ma yana cikin masu sha. Orwell da kansa ya rubuta wa wani abokinsa a 1946 cewa nan ne labarin ya juya. Ki daɗe a ƙarshen babi na 2 da babi na 3 fiye da ko'ina.

Ki daɗe kuma a kan Boxer. Ni duk lokacin da na ga ɗan dako a Dawanau ya sunkuya an ɗora masa buhu, jijiyar wuyansa ta miƙe, ƙafarsa tana neman wurin takawa a kan katakon da aka jingina da mota, dokin nan nake tunawa. Ya fi kowa ƙarfi, ya fi kowa gaskiya, amsarsa ga kowace matsala ita ce zai ƙara ƙoƙari, kuma Napoleon ba ya kuskure. Bai wuce harafi huɗu a karatu ba. Da huhunsa ya gaza aka ce asibiti za a kai shi, motar mahautan dawakai ta zo, kuɗinsa aka sayo akwatin giya da su. Jaki Benjamin ya iya karatu kamar kowane alade, ya san komai tun farko, bai taɓa faɗakar da kowa ba sai ranar da ya karanta rubutun jikin motar, lokacin tana gab da kama hanya. Ki tambayi yara wanne ya fi laifi tsakanin mai ƙarfin da bai sani ba da masanin da ya yi shiru. Ni ina ganin na jakin ya fi nauyi, amma ki bar su su yi gardama.

Hankakan nan Moses, mai yi wa dabbobi albishir da wani dutsen alewa bayan mutuwa, zai tayar da magana a ajinki, gara ki shirya. Cocin Rasha yake wakilta, wanda ya jingina da fadar sarki, aka murƙushe shi bayan 1917, sannan Stalin ya sassauta masa a 1943 da ya ga yana da amfani a lokacin yaƙi. Orwell ba mai addini ba ne, kada ki ɓoye musu. Abin nazari shi ne aladu suna cewa ƙarya yake yi amma suna ba shi giya kullum ba tare da ya yi aiki ba. Malaman jihadi na ƙasar nan sun yi rubutu mai zafi a kan malaman fada, don haka yaranmu suna da ma'aunin da za su raba addini da mai cin abinci da shi.

Ki yi hattara da fim ɗin zane na 1954 in yara suka kalla a waya. An sauya ƙarshensa, dabbobi suka kifar da aladu, kuma daga baya ta tabbata hukumar leƙen asirin Amurka ta sa kuɗi a aikin. A littafi ba haka aka ƙare ba. Dabbobi suna leƙe ta taga, rigima ta kaure a kan karta tsakanin Napoleon da wani manomi, suka dubi alade suka dubi mutum suka kasa rabewa. Zambon ya haɗa da mutanen da ke teburin, wato Ingila da Amurka ma ba su tsira ba.

Ga abin da nake yi kafin mu shiga babi na 6, ko zai yi miki amfani. Ranar Litinin nakan rubuta dokokin aji guda bakwai a gefen allo in ce kada a goge. Wata shekara ta huɗun ita ce "Kowa zai yi shara a ranarsa." Ranar Laraba na riga kowa zuwa, na ɗauki alli na ƙara "ban da monita" da irin rubutun, na ɗan shafa da yatsa don ya yi kamar ya kwana biyu. Ranar Alhamis na sa aka karanta dokokin da ƙarfi. Wasu suka ɗan yamutsa fuska, suka dubi juna. Na ce akwai matsala ne? Monita ya ce haka take tun farko, Malam. Na bayan aji suka ce haka ne. Sai wata yarinya a layi na biyu ta buɗe littafinta, hannunta yana rawa, ta ce, "Malam, wallahi ranar Litinin babu wannan, ga shi na kwafa." Yaran da ke kusa da ita suka ce ke kika tsallake, kullum sai kin yi gardama. Na ga ta sake duban allon, ta sake duban littafinta, ta fara jan hannunta ƙasa. A nan na tsayar da su na faɗa musu abin da na yi, na nuna musu allin da ya rage a yatsana. Sannan na ce kowa ya buɗe inda goɗiya Clover ta ji aladu suna kwana a gado, ta je gindin bango ta kasa haɗa haruffan, ta kira akuya Muriel ta karanta mata doka ta huɗu. Yarinyar nan na sa ta karanta mana shafin.